Metronidazol

Metronidazol magani ne da ake amfani da shi wajen kashe bakteriyar da ke rayuwa a wuraren da babu iskar oksijin, da kuma wasu ƙwayoyin cuta masu tantani ɗaya da ake kira furotozowa, waɗanda ke kama hanji, hanta da al'aura. An fi saninsa da sunan kasuwa na Flagyl, kuma da wannan sunan ne akasarin mutane ke neman sa a kemis a Najeriya da Nijar. Yana cikin dangin magungunan da ake kira nitro'imidazol, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana shan sa ta baki, ana ba da shi ta jijiya a cikin ƙarin ruwa, ana shafa shi a fata, ana kuma cusa shi ta gaba ko ta dubura.

Abin da ya bambanta metronidazol da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta shi ne, ba ya zama dafi sai ya shiga cikin ƙwayar cutar da ke sarrafa abincinta ba tare da oksijin ba. Wannan ne ya ƙayyade cututtukan da yake warkarwa, kamar atunin amiba, ƙurjin hanta, cutar tirikomonas, ruɓar dasashi da mugunyar da ke taruwa a cikin ciki. Shi ne kuma dalilin da ya sa ba ya maganin taifot, kwalara, zazzabin cizon sauro, tsutsar ciki da mafi yawan gudawar yara.

## Tarihi

A shekarar 1953 masu bincike a Japan suka fitar da wani sinadari mai suna azomaisin daga wata bakteriyar ƙasa ta dangin *Streptomyces*. Daga baya masanan kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa suka lura cewa sinadarin yana ɗan taɓa *Trichomonas vaginalis*, ƙwayar da ke haddasa ƙaiƙayi da fitar ruwa a gaban mata, wadda a wancan lokaci ba ta da wani ingantaccen magani na sha. Suka haɗa sinadarai da dama masu kama da shi har suka samu metronidazol. Charles Cosar da Louis Julou ne suka wallafa sakamakon gwajinsa a 1959, kuma aka fara sayar da shi a Faransa a 1960. Amurka ta amince da shi a 1963.

An gano yana kashe bakteriya ne bisa katari. A 1962 wani likita a Landan mai suna Shinn ya ba da rahoton wata mata da ake yi wa maganin tirikomonas, sai ga shi gyambon dasashin da take fama da shi ya warke tare da cutar. A 1966 likitoci a Durban ta Afirka ta Kudu suka nuna cewa yana warkar da atunin amiba da ƙurjin hanta. Kafin wannan lokacin emetin ne babban maganin amiba, allura mai zafi da ke iya yi wa zuciya lahani. A farkon shekarun 1970 aka tabbatar da ƙarfinsa a kan *Bacteroides fragilis*, daga nan ya zama ɗaya daga cikin magungunan da ɗakunan tiyata ba sa rabuwa da su.

## Yadda yake aiki

Metronidazol ƙaramin sinadari ne, tsarinsa C6H9N3O3. Saboda ƙanƙantarsa yana ratsa bangon kusan kowane tantani, na mutum da na ƙwayar cuta. A cikin tantanin mutum da na bakteriya masu shaƙar oksijin, yakan shiga ya fita ba tare da ya sauya ba.

A cikin ƙwayoyin da ke rayuwa babu oksijin kuwa, akwai wasu furotin, kamar feredoksin da filabodoksin, da ke ɗaukar elektron yayin narkar da sukari. Waɗannan furotin kan miƙa elektron ɗin ga ɓangaren nitro na maganin, sai ya rikiɗe ya zama dafi mai gajeren rai da ke tsintsinka DNA ɗin ƙwayar cutar har ta mutu. Yayin da maganin da ke ciki yake rikiɗewa, wani sabo yana ƙara kwararowa daga waje, don haka ƙwayar cutar ce da kanta take tara abin da zai kashe ta. A jikin *Trichomonas* wannan aikin yana faruwa ne a cikin wani ɗan sashe na tantanin da ake kira haidurojinosom.

Idan akwai oksijin a wurin, yakan ƙwace elektron ɗin ya mayar da maganin yadda yake tun farko. Shi ya sa ƙarfin metronidazol yake fitowa sosai a cikin ƙurji, mataccen nama, babban hanji da ƙarƙashin dasashi, inda iska ba ta kaiwa.

Hanji yana tsotse kusan duk abin da aka sha, saboda haka mara lafiyar da ke iya haɗiya ba ya amai, ƙwayar sha tana yi masa aikin da na jijiya zai yi. Maganin yana isa ƙwaƙwalwa, hanta, ƙashi, miyau, ruwan nono da cikin mugunya. Hanta ce ke sarrafa shi, akasarinsa kuma yana fita ta fitsari. Rabin abin da ke cikin jini yakan fita cikin kimanin sa'o'i 8, shi ya sa ake shan sa sau biyu ko sau uku a rana.

## Bakteriyar da yake kashewa

Bakteriya marasa son oksijin suna zaune a jikin kowane mutum mai lafiya, musamman a baki, babban hanji da gaban mace. A babban hanji sun ninka masu shaƙar oksijin sau ɗaruruwa. Ba sa cutarwa a mazauninsu. Cuta tana farawa ne idan suka samu hanyar shiga inda ba nasu ba, misali idan hanji ya huje, ko haƙori ya ruɓe, ko mahaifa ta samu rauni wajen haihuwa. Alamar da aka fi sanin su da ita ita ce mugunya mai ɗoyi, wani lokaci har da iska a cikin naman da ya kamu.

Masana suna raba bakteriya gida biyu bisa wani rini da likitan Denmak, Hans Christian Gram, ya ƙirƙiro a 1884: akwai masu riƙe rinin, akwai marasa riƙe shi.

Marasa riƙe rinin Gram. A nan ne metronidazol ya fi ƙarfi:

- *Bacteroides fragilis* da danginta, masu haddasa mugunya a cikin ciki bayan fashewar afendis ko hujewar hanji.
- *Prevotella* da *Porphyromonas*, da ake samu a ciwon haƙori, ciwon dasashi da cututtukan mahaifa.
- *Fusobacterium*, mai haddasa gyambon dasashi, ƙurjin maƙogwaro, da cutar Lemierre, inda jini ke daskarewa a babbar jijiyar wuya.
- *Veillonella* da *Bilophila*.

Masu riƙe rinin Gram.

- *Clostridium tetani*, mai haddasa tetanus, cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora.
- *Clostridium perfringens*, mai ruɓar da nama a raunuka masu zurfi.
- *Clostridioides difficile*, mai haddasa gudawa da kumburin hanji bayan an sha wasu magungunan kashe bakteriya.
- *Peptostreptococcus*, *Finegoldia* da danginsu.

Masu buƙatar oksijin kaɗan. *Helicobacter pylori*, mai haddasa gyambon ciki, da *Gardnerella vaginalis* ba su cikin marasa son oksijin na asali, amma maganin yana taɓa su.

Akwai kuma marasa son oksijin da maganin ba ya iya musu, waɗanda suka haɗa da *Actinomyces*, *Cutibacterium acnes* mai alaƙa da ƙurajen fuska, *Bifidobacterium* da akasarin *Lactobacillus*. Tsirar *Lactobacillus* alheri ce ga mace, domin ita ce bakteriyar da ke riƙe tsamin da ke kare gabanta daga wasu cututtuka.

## Cututtukan bakteriya da ake ba da shi

### Ciki, mahaifa da ƙwaƙwalwa

Mugunyar cikin ciki kusan kullum gauraye take, akwai masu shaƙar oksijin irin su *Escherichia coli*, akwai marasa shaƙa. Saboda haka ba a cika ba da metronidazol shi kaɗai ba, ana haɗa shi da wani magani kamar seftriyakson, sifrofuloksasin ko jentamaisin. Haka ake yi idan afendis ya fashe, ko taifot ta huda hanji. A wannan hali na biyu, aikinsa shi ne yaƙar bakteriyar hanji da ta zuba cikin ciki, ƙwayar taifot ɗin kuwa wani magani ne ke kashe ta. Ana kuma ba da shi kafin tiyatar babban hanji domin hana wurin yanka yin mugunya.

A ɓangaren mata, yana cikin haɗin da ake bayarwa idan mahaifa ta kamu da cuta bayan haihuwa ko ɓari, galibi tare da ampisilin da jentamaisin. Ciwon kumburin mara kuma ana yi masa haɗin seftriyakson, doksisayikilin da metronidazol na kwana 14. Tun da yana ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa, yana cikin maganin ƙurjin ƙwaƙwalwa, wanda sau da yawa yake samo asali daga tsohon ciwon kunne ko na haƙori. A duk inda mugunya ta taru da yawa, magani ba ya wadatarwa sai an tsiyaye ta.

### Baki, dasashi da cutar noma

Likitocin haƙori suna ba da shi a gyambon dasashi mai ɗoyi da zubar jini, da kuma ƙurjin haƙorin da ya fara bazuwa, tare da wanke wurin ko cire haƙorin.

Cutar noma, wadda sunanta ya fito daga harshen Girka, ba shi da alaƙa da aikin gona, tana farawa ne da irin wannan gyambon dasashi a bakin yara masu fama da tamowa, akasari 'yan shekara 2 zuwa 6, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzabi. Cikin 'yan kwanaki takan cinye kunci, leɓe da ƙashin fuska, kuma mafi yawan yaran da ba su samu magani ba suna mutuwa. Ana samun *Fusobacterium* da *Prevotella* a cikin gyambon. Idan aka gane ta tun tana dasashi ko lokacin da kunci ya fara kumbura, amoksisilin da metronidazol, tare da wanke baki da abinci mai gina jiki, suna tsayar da ita. Cutar ta fi yawa a yankin Sahel, kuma a Sakkwato akwai asibitin yara na musamman da ke kula da ita tun 1999. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa.

### Tetanus

Metronidazol yana kashe *Clostridium tetani* da ke cikin rauni, don ta daina fitar da dafi. Wani nazari da aka yi a Indonesiya, aka wallafa a 1985, ya nuna ya fi fenisilin sakamako, daga nan likitoci da yawa suka koma kansa. Ba ya karya dafin da ya riga ya kama jijiyoyi, don haka mara lafiya yana buƙatar allurar karya dafi, wanke rauni, maganin sassauta jiki da riga-kafi.

### Rikicewar bakteriyar gaban mace

Wannan hali yana faruwa ne idan *Lactobacillus* ta ragu, *Gardnerella*, *Prevotella* da makamantansu suka mamaye wurin. Alamarsa ita ce fitar ruwa tsinkakke mai launin toka da ƙarni irin na kifi. Ana shan miligiram 400 zuwa 500 sau biyu a rana na kwana 7, ko a yi amfani da na matsi na kwana 5. Yakan warke, amma fiye da rabin matan yana dawo musu cikin shekara guda. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a 2025, ya nuna cewa yi wa miji magani tare da matarsa yana rage dawowar sosai.

### Gyambon ciki

Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya ne suka gano cewa *Helicobacter pylori* ce ke haddasa akasarin gyambon ciki, aikin da ya ba su lambar Nobel a 2005. Metronidazol shi kaɗai ba ya kawar da ita. Ana haɗa shi da maganin rage tsamin ciki da wasu magunguna, kamar bismut da tetrasayikilin, na kwana 10 zuwa 14.

### Gudawar *Clostridioides difficile*

Shekaru da dama shi ne maganin farko na wannan cuta. Da aka ga bankomaisin na sha ya fi shi warkarwa, ƙungiyoyin likitocin Amurka suka sauya jagororinsu na 2017, suka fifita bankomaisin da fidaksomaisin. Yanzu ana amfani da metronidazol ne a cutar da ba ta yi tsanani ba idan babu waɗancan, ko ta jijiya tare da bankomaisin idan hanji ya tsaya cak.

### Fata

Ana shafa shi a cutar rozeshiya mai sa jan fuska da ƙananan ƙuraje. Ana kuma sa shi a gyambon da ya daɗe, da raunin ciwon daji da ya fashe, domin kawar da ɗoyi. Yana cikin haɗin maganin gyambon ƙafa mai zurfi na masu ciwon sukari.

## Furotozowa da yake kashewa

Furotozowa uku ne manya da maganin ya shahara a kansu. Dukansu ba su da sashen da sauran halittu ke ƙona abinci da oksijin, sun dogara ne da hanyar da ke rikiɗar da metronidazol.

### *Trichomonas vaginalis*

Alfred Donné na Faransa ne ya fara bayyana ta a 1836. Ana ɗaukar ta ta hanyar jima'i. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an samu sabon kamu miliyan 156 a 2020 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Mata kan ga ruwa mai kumfa, launin ɗorawa ko kore, da ƙaiƙayi da zafin fitsari. Mafi yawan maza ba sa jin komai, amma suna yaɗa ta. Cutar tana ƙara haɗarin kamuwa da HIV da haihuwar bakwaini. Tun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fifita miligiram 500 sau biyu a rana na kwana 7 ga mata, da giram 2 a sha ɗaya ga maza. Wajibi ne a yi wa abokin kwanciya magani a lokaci guda. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ana yi wa miji da dukan matan, in ba haka ba cutar za ta riƙa zagayawa a tsakaninsu.

### *Entamoeba histolytica*

Ita ce amibar da ke haddasa atuni mai jini da majina. Fedor Lösch ya bayyana ta a Rasha a 1875. Tana shiga jiki ta ruwa ko abincin da kashi ya gurɓata. Wani lokaci takan bi jini zuwa hanta ta yi ƙurji, galibi a ɓangaren dama, mai zuwa da zazzabi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, kuma ya fi kama maza manya. Ana ba babban mutum miligiram 500 zuwa 800 sau uku a rana na kwana 5 zuwa 10. Mai ƙurjin hanta yakan fara jin sauƙi cikin kwana uku zuwa huɗu.

Maganin yana kashe amibar da ta kutsa cikin nama, amma ba ya share wadda ta dunƙule a cikin kwanso a ramin hanji, domin hanji yana tsotse shi tun kafin ya isa can da yawa. Don haka ana bin sa da paromomaisin ko diloksanayid. Idan ba a yi haka ba, cutar tana iya dawowa, mutumin kuma ya ci gaba da yaɗa ta. Akwai wata amiba, *Entamoeba dispar*, mai kama da ita sak a madubin awo, wadda ba ta cutarwa. Ganin kwanson amiba a gwajin bahaya kaɗai ba hujja ba ce cewa ita ce ke sa mutum gudawa.

### *Giardia duodenalis*

Antonie van Leeuwenhoek na Holan ya hango ta a 1681 da madubin da ya ƙera. Tana manne wa bangon ƙaramin hanji, ta hana shi tsotsar mai. Takan sa gudawa mai maiƙo da ɗoyi babu jini, kumburin ciki, gyatsa mai wari da rama, kuma takan daɗe makonni. Ta fi kama yara a wuraren da ruwan sha ba shi da tsabta. Ana shan miligiram 250 zuwa 400 sau uku a rana na kwana 5 zuwa 7, ko giram 2 sau ɗaya a rana na kwana 3. Na yara ana auna shi ne da nauyin jiki.

### Sauran

Ana amfani da shi a kan *Balantidium coli*, wadda ake ɗauka daga aladu, idan ba za a iya ba da tetrasayikilin ba, da kuma *Dientamoeba fragilis*. A da ana ba masu kurkunu shi don rage kumburi da sauƙaƙa naɗe tsutsar a tsinke, amma ba ya kashe ta. Tace ruwan sha da sa ido ne suka kawar da kurkunu daga Najeriya da Nijar, waɗanda aka tabbatar sun rabu da shi a 2013, da Gana a 2015.

## Cututtukan da ba ya magani

- Bakteriya masu shaƙar oksijin: *Salmonella* mai haddasa taifot, *Vibrio cholerae* mai haddasa kwalara, *Shigella*, *Escherichia coli*, *Staphylococcus* mai sa maruru, *Streptococcus*, ƙwayar tarin fuka, da masu haddasa ciwon sanyi na gonoriya da kilamidiya.
- Bairus: mura, ƙyanda, ciwon hanta, da rotabairus, wanda ke kan gaba wajen sa ƙananan yara gudawa mai tsanani.
- Yis: *Candida*, mai sa farin ruwa mai kauri kamar kindirmo da ƙaiƙayi a gaban mace. Shan metronidazol ma yana iya tayar da ita.
- Sauran furotozowa: na zazzabin cizon sauro, na ciwon barci, da *Cryptosporidium*.
- Tsutsotsi: tsutsar ciki kowace iri, da tsargiya.

A Najeriya da maƙwabtanta, al'ada ce da ta yaɗu a sayi Flagyl a kemis da zarar ciki ya ɓaci, wani lokaci a haɗa da tetrasayikilin. Akasarin gudawar ruwa tana tsayawa da kanta cikin 'yan kwanaki, sai a ɗauka maganin ne ya yi aiki. Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar shi ne ruwan gishiri da sukari, ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da shayarwa da ciyarwa. Ko gudawa mai jini ma, *Shigella* ce ta fi haddasa ta a yara, ba amiba ba. Hukumar ta ba da shawarar a fara da maganin *Shigella*, a koma kan metronidazol idan an ga amiba mai rai da ta haɗiyi jajayen ƙwayoyin jini a gwajin bahaya, ko idan magunguna biyu na *Shigella* sun gaza.

## Bijirewa magani

Bayan fiye da shekara 60 ana amfani da shi, akasarin *Bacteroides* har yanzu suna jin maganin. Waɗanda suka bijire galibi suna ɗauke da ƙwayoyin gado da ake kira *nim*, masu sa bakteriyar ta mayar da maganin wani sinadari marar lahani, kuma tana iya miƙa su ga wata bakteriyar. A *Helicobacter pylori* lamarin ya fi muni. Lalacewar ƙwayar gado mai suna *rdxA* tana hana ta rikiɗar da maganin, kuma a ƙasashen Afirka da Kudancin Asiya, inda ake yawan shan sa saboda gudawa da cututtukan mata, bijirewar ta yi yawa ƙwarai. Wani ƙaramin kaso na *Trichomonas* ma ba ya jin adadin da aka saba bayarwa, sai an ƙara shi ko an koma tinidazol. Haka nan ana ƙara samun *Giardia* da ba ta warkewa, musamman daga Indiya.

A rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2017, metronidazol yana rukunin magungunan da ya kamata a same su a kowace cibiyar lafiya cikin sauƙi. Shan sa ba bisa ƙa'ida ba da yanke shi kafin kwanakin su cika suna cikin abubuwan da ke hanzarta bijirewa.

## Illoli da gargaɗi

Illolin da aka fi gani su ne tashin zuciya, ɗanɗanon ƙarfe a baki, rashin son abinci, ciwon kai da jiri. Fitsari yana iya yin duhu, wannan ba shi da haɗari. Shan ƙwayar bayan cin abinci yana rage tashin zuciya.

Idan aka daɗe ana sha ko aka sha da yawa, yana iya taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, mutum ya riƙa jin sagewa ko kamar ana tsira masa allura. A wasu 'yan lokuta yana taɓa ƙwaƙwalwa, ya kawo tangaɗi, nauyin harshe, ruɗewa ko farfaɗiya. Waɗannan alamu suna buƙatar a dakatar da maganin a ga likita. Masu ciwon hanta mai tsanani ana rage musu adadin, kuma yana da haɗari ga hantar masu ciwon gado na Cockayne.

Takardun maganin suna hana shan barasa yayin shan sa da kwana biyu zuwa uku bayan an gama, saboda rahotannin amai, jan fuska da bugun zuciya, ko da yake jagororin Amurka na 2021 kan cututtukan jima'i sun ce hujjar hakan ba ta da ƙarfi. Yana ƙara ƙarfin warfarin har jini ya tsinke, yana ɗaga yawan litiyam a jini, kuma ba a haɗa shi da disulfiram. Fenobabiton yana rage ƙarfinsa.

Nazarce-nazarcen da aka yi a kan masu juna biyu ba su nuna yana ƙara nakasar jarirai ba, kuma ana ba su shi idan akwai buƙata, sai dai ana guje wa adadi mai yawa a sha ɗaya. Yana shiga ruwan nono, yana iya sa shi ɗaci. Saboda ya haddasa ƙari a jikin ɓeraye, hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya shi a rukunin 2B, wato abubuwan da ake zaton suna iya haddasa ciwon daji, amma ba a tabbatar da hakan a jikin mutane ba.

## A jikin dabbobi

Likitocin dabbobi suna ba karnuka da kyanwoyi shi saboda *Giardia* da cututtukan bakteriya marasa son oksijin. Masu kiwon tattabaru suna amfani da shi a kan *Trichomonas gallinae*, mai sa farin ƙurji a bakin tsuntsu da maƙogwaronsa. Tarayyar Turai da Amurka sun haramta ba da shi ga dabbobin da ake cin namansu, ƙwansu ko madararsu.

## Magunguna masu kama da shi

Tinidazol, seknidazol da onidazol suna kashe kusan ƙwayoyin da metronidazol ke kashewa, amma sun fi shi daɗewa a jini, don haka sau ɗaya a rana ko sha ɗaya tak yana wadatarwa a wasu cututtukan. Daga cikin dangin nitro'imidazol akwai waɗanda aka kera don cututtukan da metronidazol ba ya taɓawa: benznidazol na cutar Chagas ta Latin Amurka, feksinidazol na ciwon barci, wanda hukumar magunguna ta Turai ta amince da ingancinsa a 2018, da delamanid da piretomanid na tarin fuka mai bijire wa magani.